Yadda Ake Tara Takardun Zamanin Biyafara

Da farko ka iyakance lokacin da kake nema: daga taron sulhu na Aburi da aka yi a Ghana cikin Janairun 1967, zuwa 30 ga Mayu da Ojukwu, gwamnan soja na yankin Gabas, ya ayyana ɓallewar yankin da sunan Biyafara, har 15 ga Janairun 1970 da aka kawo ƙarshen yaƙin. Abin da aka buga a tsakanin nan shi ne abin tarawa.

Daga nan sai ka san darajar kowane iri. Takardun kuɗin Biyafara, fam da sule, ba su da wuyar samu, domin bayan yaƙi an bar su jibge ba mai karɓa, don haka kada wani ya tsuga maka farashi. Kan sarkin Najeriya da aka buga wa "Sovereign Biafra" a 1968 ya fi su daraja, musamman wanda ke manne a ambulan da hatimin gidan waya a kansa. Waɗanda ake shan wahala a kansu su ne ƙasidu, kamar Sanarwar Ahiara, wato jawabin manufofin Biyafara da Ojukwu ya yi ranar 1 ga Yunin 1969, da takardun labarai da kamfanin Markpress ya riƙa rarrabawa daga Geneva a madadin Biyafara.

Kuma kada ka tsaya a ɓangare guda. Ƙasidun gwamnatin Gowon da tsofaffin bugun Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian suna nuna yadda aka ga al'amarin daga wannan gefen. A ganina, wanda ya tara na gefe ɗaya kawai rabin labari ya ajiye. Irin waɗannan jaridu sau da yawa suna cikin akwatunan tsofaffin sojoji da malaman makaranta. Ka tambaya cikin ladabi, don yaƙin nan ya ci 'yan uwan mutane da yawa.

Kafin ka biya, je ka ga na ainihi a gidajen adana takardun tarihi na Kaduna ko Enugu. Takardar lokacin yaƙi galibi mai araha ce, ta yi jaja-jaja, tawadar kuma ba ta zauna daidai ba. In ka ga ta fari tas, ka yi hattara.

Wajen ajiya, kada ka kuskura ka yi mata laminatin (rufin leda) ko ka liƙa mata salatif. Sa kowace a ambulan ɗinta, cikin akwatin ƙarfe, nesa da ƙasa saboda gara da danshin damina. A jikin ambulan ɗin ka rubuta da fensir inda ka same ta da ranar.