Boron: kaɗan ake so, amma rashinsa na cin amfanin gona

Assalamu alaikum 'yan uwa manoma. Wani lokaci za ka ga shuka ta sha NPK da yuriya, ganye ya yi kore shar, amma fure na ta zubewa. In ka ɓare gyaɗa sai ka tarar da tsakiyar ƙwayar ta yi rami, ta yi duhu. Kafin ka ƙara wani buhun taki, ka yi tunanin boron, wani sinadarin abincin shuka da take samu daga ƙasa.

Ka duba kan shukar, domin a sababbin ganye alamar ke fara fitowa: su kanannaɗe, su yi kauri da gautsi, wani lokaci tsiron saman ya mutu. An fi ganin haka a jigawa, inda ruwan sama ke wanke ƙasa, da kuma lokacin fari. Gyaɗa, auduga da kabeji sun fi saurin nuna rashinsa.

Amma don Allah a yi hattara da awo. Boraks, farin garin da ake sa wa gona don ƙara mata boron, yana ɗauke da boron kusan kashi 11 cikin 100, don haka kilo 10 ya ishi hekta guda. A cakuɗa shi da yashi ko da taki don ya bazu daidai, kuma kada ya taɓa iri a cikin rami. In feshi za a yi, giram 1 zuwa 2 a litar ruwa, dab da fitowar fure, da safe ko da yamma.

In ya yi yawa, guba ne: bakin tsofaffin ganye zai ƙone, wake ma ba ya jurewa. Wanda ke da hali ya fara kai ƙasar gonarsa a gwada.