Kurakuran da ake ta maimaitawa wajen haɗa rimot mai waya na kyamara

Abu ɗaya ne mutane suka ƙi ganewa: wannan rimot makunni ne kawai. Ba ya ba kyamara wuta. Ita ce ke sako 'yar wutarta, wajen volt 3, a layin fokas (mai daidaita hoto ya fito tas) da na shata (mai ɗaukar hoton), aikinka shi ne ka haɗa layin da giraun, wato layi na uku da wutar ke komawa ta kansa. Shi ke nan. Amma sai ka ga mutum ya cusa batir a akwatin rimot ɗin, ko ya ɗauko ƙafar Arduino (ƙaramin allon kwamfuta da ake sarrafa na'urori da shi) mai volt 5 ya jona kai-tsaye da ramin kyamara. Haba! Wa ya aike ka? Allon da ke bayan ramin nan ba a yi shi don karɓar wuta daga waje ba, kuma in ya ƙone, kuɗin gyaransa ya ninka na rimot ɗin kamfani sau da yawa. In dole sai na'ura ce za ta riƙa ɗaukar hoton, sa oftokofla irin PC817 a tsakani, wato ɗan makunni mai aiki da haske da ke raba wutar ɓangarori biyu: rizista mai om 330 a ɓangaren Arduino, sannan ƙafarsa da ake kira kolekta zuwa layin shata, wadda ake kira emita zuwa giraun ɗin kyamara. Kada giraun ɗin ɓangarorin biyu ya haɗu, raba su ai shi ne amfanin abin.

Sai fulogi. Ƙananan Canon irin su 600D da 1100D, da Pentax da yawa, suna amfani da mai milimita 2.5, mai gaɓa uku: tsini na shata, zoben tsakiya na fokas, gindi giraun. Mai 3.5 ba zai shiga ba, sai dai a ramin makirfo, inda ba abin da zai yi. Wanda ya fi ɓata rai shi ne fulogin mono mai gaɓa biyu. Yana shiga daidai, har hoto yake ɗauka, amma dogon gindinsa na taɓa wurin zobe, sai kyamara ta ɗauka an danne maɓalli rabi har abada. Ba za ta nuna hoton da aka ɗauka ba, ba za ta yi barci ba, batir na ta zuba, mai ita kuma yana rantsuwa ta lalace. Ƙirga baƙaƙen layukan jikin fulogin, biyu ake so.

Kuma kada ka ɗauka duk ramin 2.5 iri ɗaya ne. Panasonic Lumix mai gaɓa huɗu take so, kuma da rizistoci take bambance fokas da shata. Nikon da yawa wani rami nasu na daban gare su, na wayar rimot ɗinsu MC-DC2, kuma galibi sai an haɗa fokas da giraun kafin shata ta amsa.

Launin waya ba hujja ba ne. Ni dai ba na kusantar dalma sai na bi kowace waya da multimita, na'urar gwada wuta, daga bakinta zuwa gaɓarta a fulogi, na liƙa mata salatif na rubuta sunanta. In wayar iyafis ka yanko, siraran zaren nan suna da fenti mai hana wuta wucewa, dalma ba za ta kama ba. Narka ɗigon dalma a bakin ƙarfen, tsoma bakin wayar na daƙiƙa uku ko huɗu har ya yi fari fat.

Maɓalli ya zama mai haɗawa idan an danna, ba mai yankewa ba. Ƙaramin nan mai ƙafa huɗu kuwa, ƙafafunsa biyu-biyu a haɗe suke ta ciki, don haka ɗauki biyun da ke kusurwa da kusurwa.

Mai son hoton taurari a yanayin Bulb, inda shata ke zama a buɗe muddin ana danne da maɓalli, ya ƙara makunni mai zama a kunne, a jone gefe da maɓallin shata. Ba yatsan da zai danne minti biyar. Ka kashe makunnin kafin ka zare fulogi.

Ɗaure wayar ƙulli ɗaya ta cikin akwatin kafin ta fita, in ba haka ba fizga ɗaya ta isa ta tsinke dalmar. A kuma kashe kyamara kafin a cusa fulogi, don yana gogar gaɓoɓin yana wucewa, sai ta harba hoton ƙafarka.