Yadda Manomi Mai Ciwon Sukari Zai Tsara Abincinsa Daga Gonarsa

Mai ciwon sukari da ke ci daga rumbunsa ba sai ya bar gero da dawa ba. Abu uku ne ke sa sukari ya hau bayan cin abinci: yawan hatsin da aka ci, irin sarrafawar da aka yi masa, da abin da aka haɗa shi da shi.

A fara daga turmi. Surfe yana cire dusa, ita kuwa dusar ce ke rage saurin shigar sukari cikin jini. Hatsin tuwon mai ciwon, a wanke shi, a shanya, a kai niƙa ba surfe, ko a surfa sama-sama, kuma kada a tankaɗe da rariya mai laushi. Tuwon zai yi duhu da ɗan kaushi, amma ya fi riƙe ciki. Dambu da faten tsaki mai ganye da yawa sun fi tuwon lallausan gari.

Inda aka fi samun matsala shi ne karin kumallo. Koko da kunun gasara an tace su, ba dusa ko kaɗan, ga su ruwa-ruwa, nan da nan suke narkewa ko ba a sa sukari ba. A maye gurbinsu da alala, dafaffen wake, ƙwai, ko kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. In fura za a sha, a dama rabin ƙwallo da nono mai yawa, ba sukari. Zuma, mazarƙwaila, rake da dabino duk sukari ne, ko da daga gonar mutum suka fito.

Wajen zuba abinci, a raba kwano gida huɗu: biyu ganye da miya, ɗaya wake, kifi, nama ko ƙwai, ɗaya tuwo. Malmalar kada ta wuce dunƙulen hannun mai ci. A fara cin ganyen da waken kafin a taɓa tuwo, kuma a riƙa zuba masa nasa daban, don wanda ke ci a kwanon taro ba ya sanin iyakar abin da ya ci. Acca da alkama da ake ta yabo su ma hatsi ne. Wanda ya cika ciki da su sukarinsa zai hau. Rogo, dankali da doya gurbin tuwo suke ci, ba a haɗa su da shi a zama ɗaya.

Wannan tsari ba ya ɗorewa sai an yi masa tanadi tun da damina. A ƙara yawan wake da gyaɗa a gona, a kafa zogale a jikin danga. Lokacin da rama, yakuwa, tafasa da kuɓewa suka wadata, a shanya su a inuwa, a adana inda ba danshi, domin a bazara ne ganye ke yankewa a koma tuwo zalla. A lokacin ne kuma mangwaro ke nuna: ƙarami ɗaya ya isa a rana.

Abinci ba ya maye gurbin maganin asibiti, zogale ma haka. Mai allurar insulin ko shan glibenclamide (ƙwayar rage sukari) kada ya fita huɗa ko noma da yunwa, don aikin ƙarfi yana saukar da sukari ƙasa da kima. Alamomin faɗuwar sukari su ne rawar jiki, gumi mai sanyi, jiri da faɗuwar gaba. Ya riƙa tafiya da sukari a aljihu. Da ya ji haka ya sha cokali babba ɗaya a ruwa, ya jira minti 15, ya maimaita in bai dawo daidai ba, sannan ya ci abinci. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, asibiti ake kai shi.

Mai na'urar awon sukari ya gwada da safe kafin ya ci komai, da kuma awa 2 bayan cin abinci. Ga yawancin manya ana son na safe ya tsaya tsakanin 80 da 130 a ma'aunin mg/dL, na bayan abinci ƙasa da 180. Ƙasa da 70 kuwa ya faɗi da yawa. In wani abinci ya saba haura 180, a rage malmalar, a ƙara ganye, a sake gwadawa, sannan ranar zuwa asibiti a kai wa likita lissafin.