Yadda Ake Koya wa Yaro Ƙidaya Cikin Wasa

Yaro ɗan shekara 3 ko 4 zai rera ɗaya zuwa ashirin ba gargada, iyaye su yi ta murna. Amma ku ce ya miƙo muku cokali uku, sai ya kwaso duk abin da hannunsa ya kama. Hadda ce ya yi, ƙidayar tana gaba.

Ku tara murafen kwalba kamar goma da kwano ɗaya. Kada ku ɓata kuɗi kan kayan wasa masu fitila da magana. A 1907 da Mariya Montessori, masaniyar ilimin yara 'yar Italiya, ta buɗe makarantarta ta farko a birnin Rum, abin da yaro zai riƙe da hannu ta sa gaba. In akwai ƙani da bai kai shekara 3 ba a kusa, ku nemi manyan abubuwa, don komai baki yake kaiwa.

Ku zube kayan, ku ja baya. Ya jera, ya tula, ya ce motoci ne. Sai kun ga abin da ya mai da su sannan ku shiga labarinsa: "Direba, mota nawa za su shiga gareji?"

A nan yawanci ake ɓata abin. Bakin yaro yana riga yatsansa, yana taɓa murfi na biyu baki ya kai biyar. Sai babba ya kama masa hannu, "A'a, sake!" Shi ke nan wasa ya koma jarrabawa, yaro ya tashi. Kada ku gyara masa da baki. Ku ce yanzu ku ma za ku yi, ku ɗauki murfi ɗaya ku saka a kwano, ku faɗi lambar daidai lokacin da ya yi ƙwas. A riƙa ɗauka ana sakawa, nuni da yatsa ba ya isa, domin wanda ya shiga kwano ba za a sake ƙirga shi ba. Ku tsaya a uku ko da kuna ganin ya fi ƙarfin haka. Wani lokaci ku tsallake lamba da gangan, yara na jin daɗin kama babba.

In ya gama, ku tambaya, "Nawa ke nan?" Idan ya koma ƙirgawa daga farko, bai gane cewa lambar ƙarshe ita ce jimla ba tukuna. Ku faɗa masa kawai: "Ɗaya, biyu, uku. Motoci uku ke nan." Wannan kan ɗauki watanni, ku yi haƙuri.

Daga nan ku ƙara zuwa biyar, ku fita da ƙidayar waje, a ƙirga tsalle da matakala. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 yara masu wannan shekaru na buƙatar aƙalla minti 180 na motsa jiki kullum, kallon waya ko talabijin kuma kada ya wuce awa ɗaya. Rubuta lambobi kuwa ku bar shi sai ya iya miƙo biyar daidai.