Yadda ake tantance tsohon mutum-mutumin alabasta na Italiya kafin saye

Bayan an fara tono tsoffin biranen Romawa da aman wutar dutse ya binne a Italiya, wato Herculaneum a 1738 da Pompeii a 1748, masu sassaƙa a Turai sun koma bin salon Girkawa da Romawa na dā, kuma Antonio Canova, wanda ya rasu a 1822, shi ne gwanin wannan salo. Matafiya masu hannu da shuni sun riƙa sayen ƙananan kwafin ayyukansa, waɗanda aka sassaƙa da wani dutse mai laushi da ake kira alabasta, musamman a garin Volterra na yankin Tuskani, inda Marcello Inghirami Fei ya buɗe makarantar wannan sana'a a 1791. Irin waɗannan ne masu tara kayan tarihi ke nema a yau, kuma jabu ya yi yawa a cikinsu.

Da farko a tabbatar da dutsen. Alabastar Italiya nau'in jifsam ce, wato dangin abin da ake yin filastar silin da shi, kuma tana da laushin da farce ke iya kartarta, alhali mabul ba ya kartuwa da farce. Kada a gwada haka sai da izinin dillali, kuma a ƙarƙashin gindi inda ido ba ya kaiwa. Daga nan a haska tocila ta bayan wuri mai siriri, kamar gefen mayafi, domin alabasta takan bar haske ya ratsa ta. Sai dai rashin ratsawar ba hujja ba ce, tunda masassaƙa kan dumama dutsen a ruwa da gangan don ya yi kama da mabul.

Mataki na biyu shi ne bambance sassaƙa da zubi, kuma a nan aka fi cutar masu saye. Wanda aka zuba da roba da garin dutse ba ya da sanyin dutse a tafin hannu, sau da yawa kuma ana ganin siririn layin mahaɗa a gefensa da ƙananan ramukan iska. Na gaske yana ɗauke da sawun kayan aiki a cikin gashi da ninkin tufa.

Sannan a duba gyara. Yatsu, hanci da wuya su ne ke fara karyewa, tsohon gam kuma yakan koma rawaya. Gyara mai kyau ba ya hana saye, amma dole ya rage farashi. Sa hannun Canova a kan alabasta kuwa, a ganina, dalilin ƙara bincike ne, domin manyan ayyukansa na mabul ne.

A nemi takardun da ke nuna hannun da kayan ya bi, da izinin fitarwa idan daga Italiya za a ɗauko shi. Idan ya iso gida, kada ruwa ya taɓa shi, domin yana cin fuskar dutsen. Busasshen burushi mai laushi ya isa a kaɗe ƙura, a kuma ajiye shi nesa da danshi da zafin fitila.