Yadda ake nuna wa ɗalibai gangarowar ruwan teku da roba, gishiri da zoɓo

Yaron da ya tashi a Zariya, iyakar babban ruwan da ya sani Kubanni ne ko Galma. In ka ce masa tsakanin tsibiran Girinlan da Aisilan, can arewacin tekun Atlantika, akwai ruwa mai kwarara a ƙarƙashin ruwa, sai ya kafa maka ido. Alhali kuwa a Mashigin Denmak, wato tekun da ke tsakanin tsibiran biyu, ruwan sanyi mai nauyi yana tsallake wani tudu na ƙarƙashin teku da zurfinsa ya ɗan haura mita 600, ya gangara ƙasan Atlantika, kimanin kubik mita miliyan 3 a kowane sakan. Duk kogunan duniya in an haɗa su ba su kai haka ba. Ni dai na ga gara a sa abin a gaban yara su gani da idonsu.

Shiga kasuwar Sabon Gari ka nemo doguwar roba mai ganin ciki, da baho mai zagaye, da gishiri, da zoɓo, da ƙanƙara. Ka samo guntun katako da babban gwangwanin tumatir.

Da farko cika robar da ruwan famfo, ka jingina katakon a ciki ya zama gangara, ka danne shi da dutse. Bar ruwan ya kwanta tsit. Gaggawa a nan ita ke ɓata aikin. A gefe guda ka dafa zoɓo ya yi kauri, ya huce, ka narkar da gishiri cokali 2 a lita guda, ka sa ƙanƙara ya yi sanyi ƙalau. Sai ka riƙa tsiyaya shi a hankali a saman katakon.

Ka ce yara su durƙusa su dubi robar ta gefe. Jan ruwan zai manne wa katakon yana sauka da ƙaton kai a gaba, bayansa kuma yana nannaɗewa yana haɗiye farin ruwan da ke samansa. Tsaya a nan ka daɗe, don nan ne zuciyar darasin. Wannan haɗiyar ce ke ƙara wa ruwan yawa tana rage masa nauyi, ita ce kuma ke yanke iyakar zurfin da zai kai. A teku sanyi da gishiri ne ke kawo nauyin: ruwan teku yana daskarewa a wajen digiri 1.9 ƙasa da sifili, ƙanƙarar kuma takan bar yawancin gishirinta a ruwan da ke ƙasa. Haka ake samun ruwa mafi nauyi a Tekun Wedel na Antatika.

Saura juyawar duniya, wadda ke lanƙwasa tafiyar ruwan teku. Ɗora bahon a kan kujerar ofis mai juyawa, ka zuba ruwa, ka kafa gwangwanin a tsakiya da duwatsu a ciki. Ɗalibi ɗaya ya riƙa juya kujerar saɓanin tafiyar hannun agogo, kamar yadda arewacin duniya ke juyawa, zagaye ɗaya a sakan 6, wani yana ƙirga masa. Bayan kamar minti 15 ka cika gwangwanin da ƙanƙara, ka ɗiga zoɓo marar gishiri a gefensa. Maimakon ya bazu kai tsaye, zai lanƙwashe ya kakkarye zuwa ƙananan guguwoyin ruwa. Ɗaure waya a jikin kujerar ta juya tare da bahon, hoton ya fi fita.

Yanzu kawo maganar kwamfuta. Masu kwaikwayon teku a kwamfuta suna yanka shi gida-gida kamar na dara, kowane gida da lamba ɗaya ta zafi, ɗaya ta gishiri. Zana manyan gidaje a farar leda ka ɗora a kan hoton da wayar ta ɗauka, ka tambayi yara guguwa nawa ce ta faɗa cikin gida guda. Duk wadda ta fi gidan ƙanƙanta, kwamfuta ba ta ganinta. Kusa da ikwaita, layin da ya raba arewacin duniya da kudancinta, ma'aunin girman guguwar teku yakan wuce kilomita 100, amma can arewa mai nisa yakan sauko kilomita 10 ko ƙasa da haka, ga shi manhajojin yanayi da yawa gidansu kusan kilomita 100 ne. Dole sai a ƙanƙanta gidajen, ko a rubuta lissafin da zai tsaya a madadin abin da ya ɓace.

In da sauran lokaci, cire katakon ka jera bulo kamar matakala, ka sake tsiyaya zoɓon gishirin. Haka manhajoji da dama ke zana ƙasan teku, shi ya sa ruwan nauyin ke gaurayewa a cikinsu tun bai kai ƙasa ba. Sa yara su kwatanta jan da ya isa gindin robar a karon farko da na biyu, su zana duka biyun a littafinsu kafin a zubar da ruwan.