Yadda za ka auna tasirin rediyo a majalisarku cikin mako guda

Idan mutum ya ce mini rediyo na juya mutanenmu kamar waina a tanda, tambaya ɗaya nake yi masa: ka taɓa aunawa? Ra'ayin nan tsoho ne. Tun shekarun 1930 wasu a Amurka da Turai suka ɗauka saƙon kafafen yaɗa labarai allura ce, da an tsira wa mutum sai ta bi jini ba gardama. Ni ban gamsu ba, kuma ga yadda nake gwadawa. Littafi da biro kawai kake buƙata, sai haƙurin kwana bakwai.

Da safe ka kama tashar da aka fi saurare a unguwarku, BBC Hausa ce ko wata tashar garinku, ka rubuta labarai uku na farko yadda aka jero su. Bayan La'asar ka tafi majalisa ko teburin mai shayi ka kasa kunne. Kada ka tayar da zance, domin in kai ka kawo shi, gwajin ya lalace. Kada kuma ka fito da littafi a gabansu, za a ɗauke ka ɗan leƙen asiri. Sai ka koma gida ka rubuta abubuwan da aka fi daɗewa a kansu, ka kwatanta da na safe.

Kusan haka wasu masu bincike biyu, Maxwell McCombs da Donald Shaw, suka yi a garin Chapel Hill lokacin zaɓen Amurka na 1968. Sun tambayi mutum 100 da ba su tsayar da ɗan takara ba, suka tarar abin da jaridu da talabijin suka fi bugawa shi ne mutanen ke kira babbar matsalar ƙasa. Wato kafar yaɗa labarai ce ke zaɓar maudu'in hira, ko da ba ita ke yanke hukunci ba.

Daga kwana na uku ka ƙara tambaya ɗaya, kuma ita na fi ba muhimmanci. Duk wanda ya kawo labari, ka ce masa cikin ladabi: "Yallaɓai, a ina ka ji?" A tamu majalisar, kaɗan ne ke cewa da kunnensu suka ji. Yawanci amsar ita ce wane ne ya faɗa, ko an turo murya ta WhatsApp. Da na bi diddigi sai zaren ya kai ni shagon wani tela da rediyonsa ke rataye a ƙusa saman keken ɗinki, ba ya kashe ta sai lokacin sallah. Shi ke ji, shi ke tacewa, ya ƙara nasa gishiri, sannan ya miƙa mana. Paul Lazarsfeld da abokan aikinsa sun gano irin wannan a gundumar Erie ta jihar Ohio a zaɓen 1940, bayan sun yi watanni suna komawa wajen mutum 600: saƙo kan fara sauka wajen jagororin ra'ayi, daga bakinsu ya isa ga saura. In ka gano telan unguwarku, ka yi rabin aikin.

Sannan ka lura da yadda ake karɓar labari ɗaya. Stuart Hall, haifaffen Jamaika da ya koyar a Birmingham, ya nuna a 1973 cewa mai sauraro na iya amincewa da saƙo, ko ya yi ciniki da shi, ko ya juya shi baibai. Na ga duka ukun a tabarma ɗaya bayan 29 ga Mayu 2023, da aka sanar da cire tallafin man fetur. Wani ɗan kasuwa ya ce daidai ne, dama 'yan tsiraru ke cinyewa. Malamin makaranta ya ce ya yarda amma a fara ƙara albashi. Mai adaidaita sahu kuwa cewa ya yi talaka aka yanka kawai. Jawabi ɗaya suka ji. Don haka ka ja layi uku a shafinka, ka riƙa sa kowa a gidansa tare da sana'arsa.

Wanda ya yi gum ma ka rubuta shi. Bajamushiya Elisabeth Noelle-Neumann ta ce a 1974 mutum kan haɗiye ra'ayinsa in ya ga shi kaɗai ne, don gudun wariya. Ka raka shi hanyar gida, a nan zai buɗe baki.

Majalisa ta maza ce, saboda haka littafinka rabin unguwa ya ɗauko. Ka ba ƙanwarka ko uwargida wani littafin, ta yi irin wannan a gidan kitso ko wajen biki, ranar Juma'a ku haɗa shafukan biyu.